Ranar da na kalli ɗiyata ta fari ido da ido

Shekarun baya, lokacin ɗiyata ta fari tana sakandare a Isa, aka saka ta cikin masu gasar muhawara. Ni ban yi boko mai nisa ba, sai abin ya tsaya mini a rai. Wai a tara yara su yi gardama, wanda ya fi iyawa a ba shi kofi! Mu da muka tashi, mai gardama rankwashi yake samu.

Kun san al'adarmu da ɗan fari. Ba na kiran sunanta, ba ma hira, in za ni aike ta sai in ce "ke". A Turba ta girma hannun mahaifiyata, karatu ne ya dawo da ita gidanmu. Saboda haka ta bayan zana nake sauraren ta in tana gwaji. Turanci ne, ban tsinci komai ba, amma kunnena ya lura muryar takan tashi garau, can kuma ta nutse kamar an kifa mata ƙwarya.

Rannan malamarsu ta zo gida. Na tsare ta da tambaya: wa ke zaɓa musu gefen da za su kare, in yaro bai yarda da gefen nasa ba fa? Ta yi dariya ta ce ƙuri'a ake jefawa. Daga nan ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Hajiya, duk cikinsu babu mai hujjarta. Amma da ta ga babba sai ta sadda kai, su kuwa alƙalai har kallon ido suke ba maki. In ba ta gyara ba kafin a tafi gasar a Sabon Birni, za ni sa wata."

Na ce, "To ni mi za ni yi?"

"Ki zauna ta dube ki. Wa take jin nauyi sama da ke?"

Babanta yana hanyar Nijar da kaya, babu wanda za ni tura wa aikin. Da la'asar na shimfiɗa tabarma, na zauna ina tsince wake don hannuna ya samu abin yi. Ɗiyar tawa ta tsaya ta fara. Ita tana kallon ƙasa, ni ina kallon wake. Ƙannenta suka fashe da dariya, na kore su.

Na ce, "Ke, ɗago."

"Inna, ke ma ai ba ki ɗago ba."

Gaskiyarta. Na ture faifan na ɗago. Wallahi zufa na yi kamar ni za a yi wa alƙalanci. A nan na ga ashe girarta ta hagu takan ɗaga in ta kawo magana mai ƙarfi, ashe akwai ɗan tabo ƙasan leɓenta wanda ban san ranar da ta same shi ba. Muryar kuwa ba ta nutse ba har ta kai ƙarshe.

Muna haka wani yammaci mahaifiyata ta yi sallama, ta zo ganin likita. Ta tsaya da ƙunshinta a kai tana salati.

"Mi ni ka gani haka? Kun zuba wa juna ido awa zakaru!"

Na ce boko ne ya ce. Ta ce boko ya ji da kansa. Amma ba ta shiga ɗaki ba, ta zauna bakin turmi tana leƙen jikarta ta gefen mayafi.

Malamar ba ta canza ɗiyata ba. Ranar gasar ban je ba, ni da ko biki sai an ja ni. Da suka dawo ta durƙusa nesa, kai a ƙasa, ta ce sun zo na biyu. Na ce ban ji ba, sai dai ta ɗago ta faɗa mini. Ta ɗago tana dariya ta sake faɗa.

Yau tana ɗakinta da 'ya'yanta, kuma har gobe ban kiran sunanta. Kunya ba ta bar mu ba, ban kuma so ta bar mu. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, ni na haife ta, amma sai da wasu alƙalai da ban taɓa gani ba suka ce sai an kalle su, sannan na san fuskarta.