Ranar Da Na Zama Fetur Ɗin Motar Kawu

Shekarun baya, ni fa ji nake duk Minna ba wanda ya kai ni sanin mota. Ko daga nesa na hango akori-kura sai in faɗa maka zamaninta. In fitilunta zagayayyu ne, goshi a dunƙule, bodi ƙarfe zalla, to ta farko ce, mai shan fetur kamar ruwa. In fitilun masu kusurwa ne, gaban ya ɗan kwanta yana yanka iska, jiki ba nauyi, to ta baya ce, cinta kaɗan. Ko taya ban mallaka ba a lokacin, amma baki kam alhamdulillahi.

Kawuna manomin doya ne a Beji, kuma irin ta farkon gare shi. 'Ya'yansa suka tasa shi a gaba, wai ya sayar wa 'yan gwangwan ya nemi ta baya irin ta maƙwabcinsa, don wannan ta ishe su da shan mai. Kawu ya kafe. Da rigima ta ƙi ƙarewa sai aka kira ni daga Maitumbi in raba gardama.

Na zagaya motar ina girgiza kai, na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, wannan ta gama zamaninta."

Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "To masani, a gwada mana."

Aka tsaida magana. Za a zuba wa kowace mota galan guda, a loda musu doya daidai wa daida, su kama hanyar kasuwa a Minna. Wadda ta isa da ragowar mai mafi yawa ita ta ci. In ta Kawu ta faɗi, ranar za ta bar gidan. Ni alƙali, aka sa ni a gaba kusa da shi don kada ya yi ha'inci.

Muna hawa titi maƙwabci ya wuce mu fuu, har da ɗaga hannu. Kawu ko a jikinsa. Muna kaiwa gangaren farko sai ya zare giya, ya murɗa makulli, injin ya yi tsit. Muka dinga sulala, ba ka jin komai sai ƙarar katakon baya.

Na ce, "Kawu, me ke nan?"

Ya ce, "Haka muke tuƙi tun ba a haife ka ba. Je ka ce maƙwabci ya gwada a tasa, ka ga yadda sitiyari zai kulle, burki ya sandare."

Wallahi gaskiyarsa, na kuma sani. Abin da ban sani ba shi ne, inda gangare ya ƙare, aikin alƙali zai fara. Motar ta tsaya cak. Kawu ya ce, "Sauka ka ɗan taɓa ta mu kai wancan gangaren."

Na ce, "Haba Kawu! Ni fa alƙali ne!"

Ya ce, "An ce kada a ƙara mai. Wa ya ce kada a tura?"

Jama'a, na tura doya! Rana ta take, shaddata ta jiƙe sharkaf, masu babur suna wucewa suna min sannu da aiki. A wani ɗan hawa na ji ƙafafuna sun daina karɓar umarni. Na jingina da bodin ina haki, na ce na fasa, a sayar da tsiyar kowa ya huta.

Kawu ya leƙo ta taga. Wannan karon ba wasa a muryarsa. Ya ce, "Ɗan nan, ranar da naƙudarka ta kama mahaifiyarka, a bayan motar nan, nan inda ka jingina, muka shimfiɗa mata tabarma. Ba mu kai asibiti ba ka faɗo. Motar nan ce ta fara ɗaukarka a duniya."

Na tuɓe takalmi, na sa kafaɗa.

Mun tarar maƙwabci har ya sayar da doyarsa yana shan rake. Aka tsoma kara a tankunan biyu, na Kawu ya fito a jiƙe fiye da nasa. Aka zuba min ido. Na ce ta Kawu ta ci, ba wanda zai taɓa ta. Maƙwabci ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce lallai tsohuwar ba ta shan fetur, mutane take sha.

Har gobe ina gane su daga fitila, kuma har gobe na san ta baya ta fi tattalin mai. Amma na daina saurin cewa abin wani ya gama zamaninsa kafin in ji me ya taɓa ɗauka. Kawu ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Motar tana nan ƙarƙashin mangwaro, kaji na ƙwai a kujerar direba. Bara 'yan gwangwan suka sake zuwa, 'ya'yan suka bugo min waya. Na ce su faɗa musu gidan haihuwata ba na sayarwa ba ne.