Masu Hawan Kan Ruwa

A daminar da na yi a garin kawuna, can bayan Dogon Kiriya, na fara ganin mutane suna hawan ruwa kamar doki.

Akwai wani gebe a daji, tsakanin jajayen duwatsu, nesa da gonaki. Amalanke ba ta kaiwa, sai a ƙafa. Yawancin shekara yashi ne zalla a cikinsa. Amma in aka tafka ruwa can arewa, ko ɗigo bai sauka a wajenmu ba, sai ambaliya ta taho ta cikinsa a tsaye, ja wur, ta fi mutum tsawo. Shi ake kira kan ruwa. Samari kan rungumi bido, wato jarkar roba, marar komai, su diro daga bakin dutse su faɗa masa, ya kwashe su har inda geben ya buɗe. Tsofaffi kuwa ko ice ba su sara a wurin. Sun ce gidan wata doguwa ne, aljana.

Taubashina, babban ɗan kawu, shago gare shi a Dogon Dutsi, noma ke kawo shi gida. Mutum ne mai gemu da yawan karatu, in an yi zancen iskoki dariya yake.

Wata safiya arewa ta yi baƙi ƙirin, alhali rana na dukanmu a gona. Ya ajiye hauya, ya ɗauko bidonsa.

Ya ce, "Taubashi, tashi mu tai. Yau za ka ga abin da babu a birni."

Muka isa geben, muka tarar da wasu samari a kan dutsen, kowa da bidonsa. Abin da ya fara damuna shirun wurin ne. Ko kurciya ba ta kuka. Ƙadangaru suna ta hawowa daga cikin geben, suna wucewa ta kan ƙafafunmu ba tsoro. Sai wata iska mai sanyi ta buso, da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Can muka ji rugugi.

Ruwan ya karyo kwana. A kansa, a gaba, wani abu ne dogo, baƙi, a tsaye. Ice in ruwa ya ɗauko shi juyi yake yi. Wannan bai juya ba, bai ko karkata ba. Samarin suka ja da baya gaba ɗaya, wani yana salati. Na miƙa hannu in kama rigar taubashi, ashe har ya dira.

Muka bi bakin geben da gudu, muna kiransa. Inda aka saba fita, ba ya nan. Muka yi ta tafiya, ƙaya na yagar mu, har la'asar ta yi sanyi. Na riga na fara tunanin abin da zan faɗa wa kawu.

Muka same shi zaune a kan wani tudun yashi, rungume da bidonsa, yana kallon ruwan. Ko ƙwarzane babu a jikinsa. Sai dai idon ƙafarsa ta hagu ya yi zobe, shati baƙi.

Na ce, "Mi ya same ka?"

Ya ce, "Saiwa ce ta riƙe ni."

"Saiwa?"

"Na nutse, ta riƙe ni, ta jawo ni sama. Ta aje ni nan."

A hanyar gida yana gaba, bai waiwaya ba ko sau ɗaya.

Washegari ruwan ya janye. Na koma da ɗaya daga cikin samarin, muka bi geben har ƙarshensa muna neman icen. Mun ga karan gero, mun ga mushen akuya, ba mu ga wani dogon ice ba.

Taubashi bai jira girbi ba, ya koma shagonsa. Bara na ziyarce shi, na tayar da zancen. Ya ce goriba ce ruwa ya tumɓuke. Sannan ya tambaye ni lafiyar yara, ya tashi ya ɗora shayi.