Matar da Ta Kafa Zana a Hanyar Tsere

Duk mai sammako a Tanut ya san Madam Yemima, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeruwar matar nan mai farar riga da ke tura tsohon babur daga bayan kasuwa, domin sai an tura shi yake yarda ya tashi. Kafin ta isa gidan likita ta riga ta duba mutum biyu ko uku a hanya. Mai shayi ya miƙo mata yatsa ta ga kumburi, wata ta tare ta da goyo mai zazzaɓi. Tana isa ta wanke hannu, ta leƙa waɗanda suka kwana, sannan ta zauna a teburin nan nata da ƙafarsa guda ke kan bulo. Daga nan har la'asar ba ta da lokacin kanta. Ran Lahadi ta tafi majami'a, ta dawo ta tarar da mutane zaune a ƙofar gidanta, ta ajiye jaka ta fara da wanda ya fi galabaita.

Haka take tun da aka turo ta nan daga wajen Maraɗi tana budurwa. Yau furfura ta cika mata kai, kuma a ƙarshen watan jiya ta ajiye aiki. Ni mai wannan rubutu malamin lakwal ne, wato makarantar boko, kuma majinyacinta na dindindin. Ita ta gano hawan jinina, ita ke hana ni gishiri, ina ci a ɓoye, tana sane. Haihuwar da ta karɓa da allurar da ta yi a garin nan, akwai waɗanda suka fi ni sanin su, sai su faɗa. Ni zancen tsere zan yi.

Kowace shekara, in an gama yankan gero, samarin gari kan shirya gudun yada ƙanin wani. A tashi daga wata rijiya can kudu, a biyo kwalta, a ratsa ƙauyuka uku, a ƙare a filin ƙwallo. Wanda ya zo na ɗaya a ja masa bajimi. 'Yan lakwal na shiga, masu amalanke na shiga, amma kowa ya san masu cinyewa, wato samarin Fulani da ke saukowa da dabbobi daga wajen Tenhiya a daidai wannan lokaci. Wanda ya tashi yana bin saniya tun yana tatata, me gudun hantsi guda zai yi masa? Sai dai ranar kaka a nan ƙasarmu ta Damargu ba ta san wasa ba. Damina ta tafi, sanyi bai iso ba, kwalta kuwa tana ɗaukar zafi tun da safe.

Aikin Madam a ranar shi ne bin masu gudu a motar likita, ita da direbanta Yusuf. Tun kafin a busa usur za ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta taɓa goshi, ta dubi ido. Mai zazzaɓi ta fid da shi. Wanda ya haɗiyi taramol don kada ya ji gajiya, ba ya ɓoyuwa gare ta.

"Ƙwayar nan ba ta cire gajiya, ɗana," haka take ce musu. "Kunne take toshe maka. Jikinka ya yi ta kira, kai ba ka ji."

Ta sha zagi a kan haka. Ban taɓa ganin ya hana ta cin tuwo ba.

A shekarun farko, ruwan masu gudu a tsakiyar ƙauyuka ake ajiye shi, gindin itacen da jama'a ke taruwa, dattawa kan tabarma, mata na guɗa. Kowa ya ga daidai ne, har da ita. Sai shekarar Ilyasu ta zo. Dogon saurayin Bafulatani ne, sabon ango, shi ke gaba tun daga rijiya. Da ya shigo gari aka ga yana tangaɗi, mutane na ta tafi a zatonsu salo yake yi. Ana hango filin ƙwallo ya faɗi. Yusuf ya ce da suka ɗaga shi jikinsa kamar tukunyar da aka sauke, kuma ba ɗigon gumi ko ɗaya. Madam ta shiga kwara masa ruwa, jama'a na cewa ta bari, ruwan sanyi a jiki mai zafi kisa yake. Ba ta ko waiwaye su ba. Aka kama hanyar Damagaram da shi, bai kai ba.

Ta je gaisuwa har rugarsu. Bayan an yi addu'a an natsa, ta matsa kusa da mahaifiyarsa, wata tsohuwa da ake kira Inna.

"Inna, ki gafarce ni. Ruwa fa yana nan a kowane ƙauye. Me ya hana shi sha?"

Tsohuwar ta dube ta irin kallon da ake yi wa wanda ya tambayi abin da ƙaramin yaro ya sani.

"A gaban wa zai sha, 'yata? Ƙauyen farko baffanninsa na zaune. Na biyu surukansa. Na uku mata sun cika hanya. Ɗana ba marar kunya ba ne."

Madam ta tashi suka kamo hanyar gari. Ta san al'adar sarai. Sau nawa ta miƙa wa saurayin Bafulatani magani ya karɓa ya zagaya bayan katanga kafin ya haɗiye? Ta san ba ya ci ba ya sha a gaban manya, balle suruki. Abin da bai taɓa faɗo mata ba shi ne, ruwan da aka jera don ceton rai an jera shi ne a wuri guda da ba zai shawu ba. Wannan ya daɗe yana cin ta, ta faɗa mini da bakinta.

Da shekara ta zagayo, masu shirya tseren suka ce a ɗauko lasifika a wayar wa makiyaya da kai. Madam ta ce, "Kunyar da uwa ta shayar da ɗanta, ni ce zan cire ta da lasifika?" Sai ta sa aka saƙa mata zana. Ta kafa su a dawa, tsakanin ƙauye da ƙauye, inda ba kowa: zana biyu suna fuskantar juna a bakin kwalta, ƙofa ta nan, ƙofa ta can. A ciki tulu ne da moɗa cike da ruwa a jere, ba mai tsaro. Mai gudu ya shiga ta nan ya fita ta can, ya sha bai sha ba, daga shi sai Allah. Mu 'yan gari, da yake baki ba ya rasa abin faɗa, muka raɗa wa abin suna makewayin Madam. Ita kuwa in masu gudu sun wuce sai ta sauko ta leƙa, ta tarar da moɗa a ƙafe, ta sake cikawa. Shekaru suka yi ta wucewa ba wanda ya sake faɗuwa.

Ke ce kika tsaya kika tambaya, Madam, ranar da kowa ya ce kwana ne ya ƙare ya tashi ya kaɗe riga. Mun yarda kwana ne. Amma ke kika je kika zauna kan buzu gaban uwar da ta rasa ɗa, kika ji amsar da ba ta da daɗin ji, kuma ba ki raina ta ba. Garkuwar masu gudu, wannan kaɗai ya isa a gode miki.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Akwai shekarar Jika.

Jika, wani makiyayi cikin Fulanin nan, ya fi duk wanda muka taɓa gani gudu. A lokacin matarsa Ummu na ɗauke da cikin fari, kuma surukinsa, dattijo Almustafa, yana ji da shi ba kaɗan ba. Don tsabar ƙauna, tsohon ya hau raƙuminsa tun daga rijiya ya riƙa bin gefen kwalta kafaɗa da kafaɗa da mijin 'yarsa. Jama'a suka ji daɗin abin, har ana yi musu kirari. To, zana dai tsawon mutum gare ta. Wanda ke kan raƙumi yana ganin cikinta tas.

Madam ta leƙa zana ta farko bayan Jika, da ke gaba, ya wuce, ta ga ba a taɓa ko moɗa guda ba. Ta biyu ma haka. Da motar ta matso kusa da shi ta ga rigarsa ta fara bushewa a jikinsa, ƙafarsa na ɗan kaucewa. Ta taɓa ganin wannan tafiya sau ɗaya, ta san inda take ƙarewa. Zana guda ta rage kafin gari.

Me za ta yi? In ta ɗaga murya ta ce Jika ya sha ruwa, ta kunyata shi gaban surukinsa, kuma ba zai sha ba. In ta sa aka riƙe shi da ƙarfi, wa zai iya? Ta ce wa Yusuf ya sha gaban raƙumin. Ta fito ta tsaya a hanyarsa, 'yar mace guntuwa, baƙuwa, gaban dattijon da ko hakimi ba ya tare shi.

"Baba, sauko. Magana gare ni, wuyana ba zai iya ɗaga ta har can ba."

Tsohon ya ɓata rai, yana hangen Jika na yin nisa. Amma ya gurfanar da raƙumin. Ta matsa yadda ba mai ji sai Yusuf.

"Baba, idonka zai kashe mijin 'yarka. Tun safe bai sa ruwa a baki ba."

"Ni ban hana shi ba."

"Ba ka hana shi ba. Kai a ƙuruciyarka, ka taɓa sha a gaban naka surukin?"

Yusuf ya ce har ya zaci faɗa za a yi. Can tsohon ya ce, "Na zo in ga ya shiga filin nan."

"Na sani, Baba. Zaɓi za ka yi."

Dattijo Almustafa ya tada raƙuminsa, ya juya masa kai daga kwalta, ya shiga dawa bai waiwayo ba. Motar ta cim ma Jika, Madam ta leƙo ta taga. Ba ta ambaci ruwa ba. Cewa ta yi, "Jika, dattijo ya juya gida." Jika ya saci kallon bayansa.

Ya shiga zana ta ƙarshe. Madam ta tsaya a waje ta ba ta baya. Na biyu ya zo ya shiga ya fita, na uku ma haka, Jika bai fito ba. Da ta shiga ta same shi zaune ya jingina da tulu, moɗa a hannu, yana kiran sunayen shanunsa. Suka kwara masa ruwa, suka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zane, aka ɗaura masa ƙarin ruwa tun a mota. Ya kwana biyu a gidan likita. Da ya farfaɗo, tambayarsa ta farko ita ce wa ya ja bajimin. Aka faɗa masa, ya juya fuska bango. Har aka sallame shi bai yi wa Madam magana ba, kuma a kasuwa an daɗe ana cewa ita ta ja masa asara.

Na taɓa tambayarta ko abin ya yi mata zafi. Ta ce, "Ya yi mana. Amma mai fushi da ni yana numfashi, Malam. Kawo hannunka in auna."

Ga masu shirya irin wannan gudu a wasu garuruwa, da yaran da yanzu suka karɓi farar riga, ina roƙonku ku dubi matar nan. Tulu da mota da magani duk ana iya samu. Ku riƙa lura da wanda ya wuce ruwa bai sha ba, ku bi shi ku ji dalili. Mutanenmu suna da abin da suke jin nauyinsa fiye da ƙishirwa, kuma wanda zai tsare ransu sai ya san shi. Ku samari masu gudu kuma, bajimi ana haifar wani baɗi.

Ranar da aka yi mata taron sallama a harabar gidan likita, manya sun yi jawabi, an ba ta atamfa da takardar yabo. Ana shirin tashi sai ga dattijo Almustafa, ba wanda ya gayyace shi. Tun waccan shekara, duk ranar tsere yakan kora dabbobinsa arewa tun da asuba, kuma sauran dattawa masu suruki a cikin gudun sun bi sahunsa. Ya dogara sandarsa, ya tsaya gaban Madam. Muryarsa ba ta da ƙarfi, sai da aka yi tsit.

"An ce mini Jika ya ja bajimi bara, ya ja bana. Ban gani ba. Ba zan taɓa gani ba, ke kika hana ni." Ya numfasa. "Amma kullum da safe ina ganinsa yana tatsa, 'ya'yansa na riƙe masa ƙwarya. 'Yata ba ta yi takaba ba. Allah ya biya ki."

Madam Yemima, wadda ba a taɓa rasa magana a bakinta ba, ta sunkuyar da kai tana share ido da gefen atamfar. Mu ma abin da za mu ce ke nan. Mun gode, Madam. Allah ya biya ki.