Takardar da Goggo Ta Ɓoye

Ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu na unguwar Dagmanet uwa ba ta kama sunan 'yar fari, balle ta zauna hira da ita. Shi ya sa da na ji wani ƙullutu kamar ƙwallon dabino a nonona na hagu, ina shekara goma sha biyar, goggo na faɗa wa, yayar babana.

Ta kai ni asibiti. Likitar ta latsa wurin, ta sa aka yi mini eko, hoton da na'ura ke ɗauka na cikin jiki, sai na ga fuskarta ta canza.

"Ba kasafai ake ganin wannan ga 'yan mata ba," in ji ta, "amma ban yarda da shi ba. Ku tafi Yamai a ɗebi ɗan nama a auna. C'est urgent, abin gaggawa ne."

Ta rubuta takarda ta miƙa wa goggo.

Da muka dawo ina tsintar shinkafa a bakin ƙofa, goggo da inna suna ciki, ina jin komai.

"Wa ke sa wuƙa a nonon budurwa?" in ji goggo. "Girma ne, bajewa zai yi."

Inna ta ce, "To."

Takarda ta shige akwatin goggo. Aka kira wanzami ya yi mini ƙaho, aka yi ta shafe-shafe. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, ƙullutu ya kai lemun tsami. Sai da jini ya ɓata mini rigar lakkwal ina cikin aji, malamarmu ta biyo ni gida ta zazzage musu faɗa, sannan aka saka mu a kar, babbar motar haya, ni da inna.

A Yamai aka ce sankara ce. Suka cire nonon gaba ɗaya, aka sa mini shimiyo, maganin da ya kakkaɓe mini gashi tas. Na yi kuka, amma ban riƙe kowa a rai ba. Har goggo na yi wa uzuri, na ce tsoro ne da rashin sani.

Ran nan likitan da ya yi aikin ya zo duba ɗinki. Ya juya wajen inna, ransa a ɓace.

"Hajiya, da kun zo da wuri, da ƙullutun kaɗai za mu cire. Me ya tsai da ku?"

Inna ta gyara lulluɓi, ta kau da kai daga gadon da nake kwance.

"Yarinyar ce ba ta faɗa wa kowa ba," in ji ta.

Likita ya dube ni, ya girgiza kai. Ba a ƙaryata uwa a gaban baƙo. Na warke, na yafe wa wuƙa, na yafe wa goggo. Wannan maganar ta inna kam har yau tana ci mini rai.