Injin Dusar Ƙanƙara da Kududdufin Baba Iliya

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da aka ce in saukar da dusar ƙanƙara a Minna ba. Shekarar ita ce wadda aka yi ƙidayar jama'a, rana kuma ta yi husufi da hantsi har muka ajiye aiki muka nufi masallaci. A ƙarshen shekarar Kirsimeti da Babbar Sallah suka faɗo cikin mako guda. Na rubuta wannan saboda ku da kuka biyo bayanmu a aikin sanyi, masu gyaran firji da masu injin ƙanƙara, don na ji ana ba da labarin a bakin shago ana ta dariya. Akwai abin dariya a ciki, amma akwai gonar wani bawan Allah kuma.

A lokacin na shekara goma sha huɗu ina kula da inji a wani ƙaramin kamfanin ƙanƙara a Kpakungu, irin ƙanƙarar da masu kifi da masu lemo ke saya. Mai kamfanin, Alhaji Ndako, mutumin Bida ne, mai kyauta da fara'a, sai dai duk abin da idonsa ya gani a ƙasar wani sai ya ɗauko. Ya je Turai sayen motoci, aka kai shi wani ɗan tudu inda mutane ke ɗaura dogayen katakai a ƙafa suna sulɓi a kan dusar ƙanƙara. Aka gaya masa ba daga sama ta sauko ba, inji ne ya yi ta. Masu wurin kuma suna shirin rufewa, suna neman mai sayen kayansu.

Da bakinsa ya ba mu labarin, yana murna. "Sun ce sanyinsu ya daina cika alkawari. Shekara ɗaya ya zo, biyu ya ƙi. Shi ya sa na samu injin da araha."

An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Alhaji ya ga na Turawa na ci, shi kuwa sai ya roƙi garwashi ya sa a aljihu.

Bari in yi wa wanda ba ɗan sana'a ba bayani. Injinmu na Kpakungu shi yake yin sanyinsa da kansa, a cikin akwati rufaffe. Wancan kuwa ba haka yake ba. Wata ƙatuwar fanka ce a cikin ganga, bakinta zagaye da ƙananan huji. Famfo ya turo ruwa da ƙarfi, ruwan ya fita ta hujin kamar feshi, fanka ta watsa shi sama. In iskar wurin ta kai sanyin da ruwa ke daskarewa, feshin ya daskare kafin ya faɗo ƙasa, ya zama dusa. In ba ta kai ba, ruwa ka watsa, ruwa zai dawo maka. Wato injin ba shi da sanyin kansa, na Allah yake ara.

Alhaji ya sayi wani tudu a gefen Tagwai, can bayan garin Minna, aka share, aka kafa allo. Ya naɗa ƙanen matarsa manajan aiki. Sunansa Bala, karatun auna gine-gine ya yi, amma tun da ya sa farar hular kwano ya ce a kira shi Injiniya. Ni aka ba ni muƙamin babban ofareta, da shuɗiyar riga mai sunana a ƙirji, da leburori shida. Ƙa'idar aikin ita ce ofareta ba ya magana da Alhaji kai tsaye. Rahotona ya je wurin manaja, manaja ya kai sama.

Tun farkon Disamba na rataye ma'aunin zafi a jikin wata ɗorawa da ke kan tudun. Kullum in na idar da Asuba sai in hau babur in je in duba, don lokacin ne sanyi ya fi ƙarfi, in rubuta a littafina da ajami kamar yadda na saba. Ruwa na daskarewa a sifiri. Ma'aunina bai taɓa sauka ƙasa da goma sha biyar ba. Na kai wa manaja littafin.

Ya juya shi sama da ƙasa, ya ce, "Malam Tanko, wannan rahoto ne ko laya?"

Na ce, "Yallaɓai, lambobin sanyi ne. Injin nan ba zai yi ba."

"Kai ba ka ga gari ba? Kowa da rigar sanyi, tsofaffi na jin wuta. Jiya ruwan alwala ya kusa cire mini yatsu."

"To, Yallaɓai, a ajiye ruwa a kwano a waje. Ranar da ya daskare, a kira ni."

Ya miƙo mini littafin da yatsu biyu. "Mutanen da suka ƙera jirgin sama ba su san abin da ka sani ba? Je ka nemo mana ruwa, shi ne aikinka."

Ga inda nawa laifin ya fara. Tudun ba shi da rijiya. A ƙasansa akwai rafi wanda in rani ya shigo yakan tsinke, ya bar kududdufi guda mai zurfi. Da wannan kududdufin wani dattijo, Baba Iliya, yake ban ruwan lambunsa da bokiti, shi da matarsa: tumatir, tattasai da ɗan alayyahu. Kirista ne, kakanninsa suka sari wurin. Ni aka tura in roƙe shi, don an san fuskata ba ta ɗan yaudara ba ce.

Na same shi cikin kunyoyin tumatir, sun fara fure. Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya daɗe yana kallon tudun.

"Malam, ƙanƙara za ku shuka a can?"

"Haka manya suka ce, Baba."

"Manya ba sa shan miya?" Ya yi dariya, sannan ya ja ni bakin ruwan ya nuna mini wani baƙin dutse mai kama da bayan kunkuru, wanda kansa kaɗai ya leƙo. "Ka ga wannan? In ruwa ya sauka har gindinsa ya fito, ba ni da abin da zai kai ni damina. Ban san Alhajinku ba, ban san mai farar hula ba. Kai na sani, kai ka zo."

Na ce, "Baba, kwana uku kawai za mu gwada. Ba zan bari gindin dutsen nan ya ga rana ba. Allah ne shaida."

Na faɗi haka ina sane da cewa ko kwana ɗari aka yi babu dusar da za ta sauko. Lissafina shi ne in an gwada sau uku an ga ruwa, hankali zai dawo wa mutane. Ashe ban san mutane ba.

Ranar farko muka tayar da janareta, famfo ya ja, fanka ta yi ruri kamar jirgi zai tashi. Aka yi mana yayyafi mai kyau. Manaja ya ce hujin ne suka toshe, muka wanke. Rana ta biyu ya ce fuskar injin ce ba ta kalli arewa ba, muka juya. Ta uku ya ce ruwan ne bai saba da injin ba. Wallahi haka ya faɗa, leburori na ji. Kowace safiya yana da sabon dalili, kowace yamma ya je ya gaya wa Alhaji saura kaɗan.

A kwana na tara gindin dutsen ya fito. Na gan shi da idona lokacin da na sauka gyara bakin tiyo. Baba Iliya na tsaye da bokitinsa, ya nuna mini dutsen da haɓa. Na hau na gaya wa manaja.

Ya ce, "An riga an buga katin gayyata. In ka kashe famfon nan, cire rigar ka ajiye, gobe in kawo wani."

Na dubi rigar, na tuna 'ya'yana biyar, na bar famfo yana ja. Na san gidan Alhaji, na san masallacin da yake Magariba. Ƙa'idar ofis ba ta ɗaure mini ƙafa ba, ni na ɗaure kaina. Kwana goma sha tara muka yi muna kwashe ruwan dattijon nan muna zuba wa jar ƙasa.

Aka sa buɗe wurin washegarin Kirsimeti, don a ci kasuwar bukukuwan biyu. Da manaja ya ga babu mafita, sai ya sa aka kwaso duk ƙanƙarar kamfaninmu na Kpakungu a mota biyu, masu kifi suka rasa ta saya ranar. Leburori suka farfasa ta da taɓare, muka shimfiɗa a kan tudun, faɗin abin bai fi tabarma goma ba. An ce baƙi za su iso ƙarfe tara. Kun san manyanmu, sai sha ɗaya da rabi suka iso, cikin manyan riguna, wasu har da safar hannu, gumi na bin wuyansu. Mai jawabi ya tashi ya gode wa kowa da sunansa da sarautarsa. Kafin ya kai kan Alhaji, tabarma goma ta koma uku.

Manaja ya ɗaga mini hannu in tayar da injin don a ga aiki. Na tayar. Iska ta juyo da feshin kan rumfar baƙi, ta jiƙe layin gaba kaf. Shi kuma, don ya ceci ranar, ya ɗaura katakan nan a ƙafa ya hau tudu. Ya yi sulɓi kam, ba a hana shi ba. A kan taɓo ya yi shi, da baya, har gindin tudu, farar hular na biye da shi tana gangarawa.

Mutane suka yi ta dariya. Ni ban yi ba, don daga inda nake tsaye ina hango lambun. Kududdufin ya zama laka mai tsagewa, tumatir ya zubar da fure ya kwanta.

Da yamma Alhaji ya kira ni. "Malam Tanko, kai ma ba ka sani ba?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a sauke injin daga mota."

Ya ce, "Shi Bala wawa ne, na yafe masa. Kai fa?" Bai kore ni ba, ya mayar da ni Kpakungu. Da ya kore ni da ya fi mini sauƙi.

Na je wurin Baba Iliya ba da haƙuri, ya ƙi karɓar hannuna. Ya ce, "Ka kira sunan Allah a kan dutsena. Je ka, ba ni za ka ba haƙuri ba." Na ji daga baya cewa ranin nan sai da ya tafi Gwada yin ƙodago a gonakin mutane, da furfurarsa. Shekara uku in zan wuce Tagwai sai in canza hanya.

A shekara ta huɗu Alhaji ya sayar wa 'yan gwangwan da kayan tudun. Na bi su har inda suke tara ƙarafa, na sayi famfon da dogon tiyon kafin su sa musu guduma. Wata biyu ina gyaransa a tsakar gidana. Na rage masa ƙarfi, na haɗa shi da ƙaramin injin fetur. Na auna tiyon, na ga zai kai wani gurbi can ƙasa inda ruwa ba ya ƙafewa, wanda ya yi wa mai bokiti nisa. Na ɗauki hayar a-kori-kura na kai.

Baba Iliya ya zagaya famfon sau biyu. "Wannan ba shi ne ɓarawon ba?"

"Shi ne, Baba. Ya zo ya mayar da abin da ya ɗauka."

"Kwana uku zai yi, ko irin kwana ukunka?"

Na sunkuyar da kai. Muka ja tiyo, na tayar da inji, ruwa ya shiga kunya ta farko yana tafiya a hankali. Dattijon ya tsuguna ya sa hannu a ciki, ya daɗe a haka. Da ya miƙe sai ya miƙo mini hannun, jiƙe da laka.

Ya ce, "Ka biya, Malam. Amma dutsen nan ka je ka gaishe shi, ya fi ku duka ilimi."

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. A sana'armu za ku haɗu da masu kuɗin da ke sayen inji su ɗauka sun sayi yanayi, da masu hular da ba su san inda ake kunna shi ba. Waɗannan ba sa ba ni tsoro, don taɓo na jiransu a gindin tudu. Wanda nake jiye muku shi ne mai sani, wanda ma'auni ke hannunsa, ya ga lamba ya yi shiru saboda riga. Manaja bai san kome ba, Alhaji ba a gaya masa ba. Hannun da ke kan makunnin famfo kwana goma sha tara nawa ne. Allah Ya yafe mana, Ya ba mu ikon kashe inji ranar da gindin dutse ya fito.