Motar Ba Ta Nan

Yau shekara goma cif da rasuwar yayana, Malam Iro. Allah ya jiƙansa. Duk shekara nakan ce zan rubuta yadda abin ya faru, sai hannuna ya yi nauyi. Bana dai na ce ko da kunya sai na faɗa, don abin da ya ci shi bai ƙoshi ba.

Lokacin da muke haya a Hayin Banki, a ƙafa Yaya Iro yake zuwa Kawo ya hau bas ɗin ofis. Tafiyar minti goma takan ci masa rabin awa saboda gaisuwa. Ya tsaya wajen mai shayi, ya leƙa shagon tela, ya tambayi mai kayan miya jikin tsohuwarsa. Har tsiya nake yi masa, wai da ana biyan albashin gaisuwa da tuni ya gina bene. Amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin hantsi mutum biyar sun yi sallama a ƙofarmu.

Sai aka yi masa ƙarin girma, ya sayi mota, ya koma gida mai katanga a Unguwar Sarki. Ni ma ban daɗe ba na yi tawa. Mun yi murna, wallahi. Ba mu ankara ba gaisuwa ta koma hon: ka danna sau biyu, ka ɗaga hannu ta bayan gilashi, ka wuce. Ya fita da sassafe, ya dawo bayan magariba, rabin sallolinsa a masallacin ofis. Shi da bakinsa ya taɓa ce mini maƙwabtansa sun haddace lambar motarsa, amma ba su san sunan mahaifinsa ba. Muka yi dariya.

A layin nasu, in kana son sanin ko mutum yana gida, ta ramin get za ka leƙa. In ka ga mota, yana nan. In babu, ya fita.

Makon da abin ya faru, matarsa ta tafi Zariya zaman jegon 'yarsu. Ranar Juma'a motarsa ta lalace, ya bar ta wajen bakanike a Mando, ya dawo a tasi. Ranar Asabar na biyo ta gidan ina sauri, shugaban ofishinmu yana jiran wani fayil. Na yi hon, na leƙa, ko inji ban kashe ba. Babu mota. Na ce ya bi iyali Zariya, na ja na tafi. Maƙwabcinsa Malam Danladi, malamin makaranta, haka ya yi ranar Lahadi da ya taso daga coci. A masallacin layi ma an tambaya, wani ya ce ai motar ba ta nan.

Bakaniken ne ya kawo motar ranar Litinin. Ya yi hon ya gaji, ya buga get, daga ƙarshe ya haura katanga. A ƙasa ya sami Yaya Iro, tsakanin ɗaki da kicin, rai ya riga ya yi halinsa. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki tun safiyar Asabar, kuma ya kai Lahadi da rai.

Ke nan yana jin hon ɗina. Wannan ita ce maganar da take hana ni sakewa. An ce zumunci a ƙafa yake, ni kuwa na ƙi sauke tawa daga mota. Da na sani ƙeya ce.

Da yayana zai dawo yau, me zai gani? Katangu sun ƙara tsawo, an jera musu fasassun kwalabe. Wanda ya shigo layi a ƙafa ya buga get, kallon ɓarawo ake yi masa kafin a amsa sallamarsa. Ina jin Yaya Iro ba zai yi mana faɗa ba, tsoro zai ji.

Gidan an sayar, motar ta bi. Abin da ya rage nasa yana Hayin Banki, inda har gobe telan nan yake yi masa addu'a in ya gan ni. Sai kuma fargabar da ya bar mini. Yanzu ni kaɗai ne a gidana a Mando, mai ɗakina ta rasu, yara suna Legas, ni ma ina shan maganin hawan jini. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Shi ya sa makon jiya na yanko makulli na biyu, na taka zuwa wajen maƙwabcina na shekara shida. Na roƙe shi ya ajiye, in ya kwana biyu bai ji motsina ba ya buɗe ya shigo. Mutumin kirki ne. Ya daɗe yana kallon makullin, bai miƙo hannu ba.

"Alhaji, ka yi haƙuri," in ji shi. "Zamani ya lalace. In wani abu ya ɓata a gidan, ni za a fara nema."

Na ce ba komai, na gode. Na koma gida na kulle get.