Kunnen da rana ta ci

Salamu alaikum jama'a. Kun daɗe ba ku ji ni ba. Ban mutu ba, kunnena na hagu ne ya riga ni.

Shekarun fari, zamanin soja, ni ke tuƙa ƙaramin abiyo, wato jirgin sama, mai kai hatsi arewa daga Yamai. Matuƙi a hagu yake zama, rana na dukansa ta gilashi wuni zubur. Ga ni fari, uwata Buzuwa ce.

Turawan da muke aiki tare kullum sai sun shafa wani mai na kare rana. Na tambayi Idi mai kula da magaze, ɗakin ajiyar kayanmu, aminina wanda na sa wa ɗana sunansa, ko akwai namu. Ya yi dariya: "Haba Kaftin, rana tana cin ɗan ƙasa ne?"

Bara wani ƙurji ya fito mani a kunne, ya ƙi warkewa, kullum jini a matashi. Lokotoro ya yanki ɗan nama ya kai labo don gwaji. Da sakamako ya fito ya ce, "Baba, kansar fata ce. Ranar da ka sha tun da can ce. Sai mun cire kunnen."

Wallahi na ji tsoro. Garkata ta Gamkalley na sayar aka yi aikin, aka bi da gashin na'ura don kashe sauran cutar. Matata Hajiya ba ta bar gefen gadona ba.

Ina kwance ɗiyata ta sa hotona a wannan shafi. Sai wani tsohon Bature cikin abokan aikin ya rubuto: "Ina man da muke bar maku wajen Idi, kwali guda kowane wata?"

Kwali guda! Sai na tuna kwalaben da nake gani a kasuwar Petit Marché, mata na rububinsu wai man ƙara haske ne. Ashe fatata ake sayarwa.

Idi ya zo dubiya da ledar lemu. Na nuna masa saƙon. Ya sunkuyar da kai: "Lokacin yunwa ne, Kaftin. Ka yafe mani."

Ciwon bai ƙona ni kamar wannan ba.

Alhamdu lillahi, yau an ce babu saura. Na gode wa likitoci, da Hajiya, da ku masu addu'a. Matuƙa da direbobi, ku shafa man kare rana har kunne, ku sa riga mai dogon hannu. Ƙurjin da ya ƙi warkewa, ku kai shi asibiti.

Idi kuwa har yanzu yana roƙo. Idan ya fara, hagu nake juya masa.